Idon Ya Talatu

A Gwange, in aka haihu, ba a cewa an ga jariri sai Ya Talatu ta gan shi. Kowa na iya zuwa barka, ya ɗauka, ya ce tubarkalla, ya ce hancin na uban ne, amma wannan duk surutu ne. Gani na gaskiya shi ne in Ya Talatu ta zo da hantsi, ta ce a miƙo mata yaron, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta danna masa karan hanci da ɗan yatsa, ta buɗe idon, ta leƙa dasashi. In ta ce, "Lafiyarsa lau," sai mai jego ta yi ajiyar zuciya a ci gaba da shan kunun kanwa. In kuwa ta yi shiru ta sake dannawa, to shawara ce ta kama ɗan, ranar za a fara neman magani. Da can saiwa take jiƙawa. Daga baya da ta lura waɗanda aka kai asibiti da wuri sun fi dawowa, sai ta koma korar mutane can, suna so ko ba sa so.

Bakanuwa ce, ungozoma. Ta zo Yerwa, wato Maiduguri, da mijinta tun da sauran ƙuruciyarta, mijin ya rasu ya bar ta a nan. Barebarin unguwa suka liƙa mata "Ya" a gaban suna kamar yadda suke yi wa manyan matansu, sunan ya bi ta. Masifaffiya ce, wannan ba sai an ɓoye ba, ta sha zagin magidanci a gaban matarsa don ya tsaya gardama. Amma ana haƙuri da bakin saboda idon.

Abin takaicin shi ne idon da ya tsare 'ya'yan mutane bai tsare nata jikokin ba. Autarta Rakiya, wadda ita kaɗai ta rage mata a duniya, tana aure a Nguru wurin wani mai sayen fata, Garzali. Haihuwa biyu ta yi a can. Ta fari damina ta yanke hanya Ya Talatu ba ta sami zuwa ba, ta biyu uwar miji ta ce ai su ma suna da ungozoma. Duka yaran shawara ta ɗauke su, ba wanda ya lura sai da suka saki nono, ko suna ba su kai ba. Da labarin ciki na uku ya iso, shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Maiduguri, Ya Talatu ta aika da baki ta wurin wani direban lori cewa a kawo mata 'yarta, in ba haka ba za ta zo da kanta, kuma ba za a ji da daɗi ba. Garzali ya san surukarsa, ya ce za a kawo.

"Wannan a gaban idona za a haife shi," ta gaya wa duk wanda ya tsaya saurare. "Mu ga ta inda shawarar za ta shigo."

Sai dai zuciyarta ba ta san da wannan alkawari ba. Ta jima tana jin abin. Tana zaune lafiya lau sai ƙirjinta ya ɗauki fuffuka kamar an rufe kaza a kwando, bugu a guje a guje, sannan tsit, sannan guda ɗaya mai ƙarfi da take ji har a wuya. Ta sa masa suna faɗuwar gaba, ta sha rubutu, ta sha jiƙo. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Tafiyar bakin kogin Ngadda da take yi tana faɗa da kowa a hanya, sai ga ta tana tsayawa hutu a gindin kowace darbejiya. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gidan suna, maƙwabciyarta Kaltum, Babarbariya mai sayar da turaren wuta, ta ce abin ya isa haka. Aka ɗora ta a amalanke aka tura ta asibiti tana zagin masu turin.

Nas ɗin da ta karɓe ta ta san ta sarai. Phoebe ce, 'yar ƙasar Biu, Kirista, ita ke karɓar jariran da Ya Talatu take korowa. Likita, wani Ba'indiye marar yawan magana, ya ɗora mata abin sauraro a ƙirji, ya daɗe yana ji, sannan ya yi wa Phoebe Turanci.

"Mama," in ji Phoebe, "zuciyarki ta bar takunta. Gudu take yi ba tsari, shi ya sa jini ba ya zagawa yadda ya kamata, ruwa yake taruwa a ƙafa."

"To a mayar da ita kan hanya mana. Ina da aiki a gabana."

"Magani biyu muke da shi. Ɗaya kwinidin, ɗan'uwan kwinin ɗin nan na zazzaɓi. In ya karɓi mutum yakan mayar da bugun daidai. Amma yana da faɗa, sai kina kwance a nan muna kallonki. Ɗayan dijitalis, daga ganyen wani fure ake yin sa. Shi ba ya gyara takun, linzami kawai yake sa mata ta rage gudu. Kuma in kin fara shi, kin fara ke nan har ƙarshen rai."

"Ba ni mai faɗan. Ni ma ina da nawa."

Aka ba ta mai faɗan, ya kuwa nuna mata ya fi ta. Kunnuwanta suka ɗauki ƙara kamar ƙudan zuma sun yi gida a ciki, cikinta ya ɓaci, ɗakin ya dinga juyawa. Wata safiya tana cikin yi wa wata mai shara faɗa sai ta ƙame, ido ya juye. Da ta farfaɗo ta ga Phoebe a kanta tana gumi, likita kuma yana girgiza kai. Ya ce ko da wasa kada a sake ba ta, sa'a aka yi ta dawo.

"Babu na uku, 'yar nan?" ta tambaya da ta sami bakin magana.

"Akwai wata allura, amma ta gaggawa ce, ba a ba mutum ya tafi da ita gida. An ce a ƙasashen Turawa suna gwada waɗansu. Ba su iso mana ba."

Haka ta koma Gwange da farar ƙwaya 'yar mitsitsiya a cikin gwangwani, tana raina ta. Amma ƙwayar ta yi aiki. Kumburin ya saɓe, numfashi ya dawo, kazar da ke ƙirjinta ta rage fuffuka. Ta koma shiga gidajen haihuwa, ta koma zagin mutane da cikakkiyar murya, unguwa ta ce alhamdu lillahi, Ya Talatu ta warke.

Da nono abin ya fara. Wata 'yar Shuwa mai talla ta sauke ƙwarya a ƙofar gida, Ya Talatu ta leƙa ta ce wannan wane irin nono ne ya yi rawaya haka, me aka zuba masa? Matar ta rantse da Larabcinsu, ta ɗauki kayanta ta yi gaba. Sannan Ya Talatu ta fara ganin wani zobe a jikin wutar fitila. Ta ce tsufa ne, ko hasken damina, ba ta kawo komai a ranta ba.

Aka kira ta gidan Madu tela, an sami mace. Ta kai jaririyar bakin ƙofa, ta danna hanci, gabanta ya faɗi. Rawaya shar, har cikin ido. Ta ce a tashi yanzu yanzu. Aka kwasa aka tafi asibiti, aka dawo da yamma, an ce yarinya ba abin da ya same ta. Ya Talatu ta ce 'yan asibiti ba su duba da kyau ba. Madu mutum ne mai kawaici, amma ya ba da labarin a bakin shagonsa.

Na biyun shi ya karya ta. Ɗan Ya'akubu maƙeri ne, namiji na fari a gidan. Ranar hadari ya haɗo, kakar yaron ta ce ba a fitar da jinjiri kafin suna, balle cikin ruwa. Ya Talatu ta buɗe mata wuta, ta ce in ya mutu alhakin a wuyanta. Aka fita da shi, ruwa ya tsuge musu a hanya. A asibiti aka ce babu shawara ko ta ƙwayar gero. Yaron ya dawo da sanyi a ƙirji, aka yanka ragon suna yana numfashi kamar ana jan zarto, da ƙyar ya sha. Kakar ta yafa mayafi ta zo har ƙofar gidan Ya Talatu, ta tsaya a waje inda kowa zai ji, ta faɗi duk abin da ke ranta. Karo na farko ke nan a tarihin Gwange da aka yi wa Ya Talatu faɗa ba ta rama ba.

Kaltum ce ta gano. Ta shigo da wani ƙyalle a hannu tana murmushin tsokana.

"Wushe, sannu, Ya Talatu. Kano mai ido. Wannan wane launi ne?"

"Ke kuma da wace kika zo? Ruwan ɗorawa ne mana."

Murmushin ya gudu daga fuskar Kaltum. "Alawayyo ne. Fari ƙal, yau na yanko shi a Kasuwar Litinin."

Ya Talatu ta karɓa, ta juya shi, ta fita da shi tsakar gida. Ta dubi bango, ta dubi sama, ta dubi haƙoran Kaltum. Sai a lokacin ta gane duniyar ce gaba ɗaya aka rina mata, a hankali a hankali, har ta saba ba ta sani ba. Tsoro ya kama ta irin wanda bai kama ta ba ranar da ta sume.

Phoebe ba ta yi mamaki ba da suka je. "Ƙwayar ce, Mama. In ta taru a jiki takan yi wa waɗansu haka. Alama ce ta yi miki yawa." Likita ya ce a raba ta biyu. Aka raba. A kan rabi kazar ta farka, ƙafa ta fara tasowa, rawayar kuma ba ta tafi ba, ta dai kwanta kamar zanen da aka wanke sau ɗaya. Suka koma. Phoebe ta zauna kusa da ita a benci, abin da ba ta saba yi ba.

"A jikin waɗansu akwai fili tsakanin ya yi kaɗan da ya yi yawa, sai mu zaunar da mutum a tsakiya. A naki jikin mun nemi filin mun rasa."

"In na bar ta gaba ɗaya fa?"

"Idon zai washe cikin 'yan kwanaki. Sannan ruwa ya cika miki ƙirji. Kada ki yi haka, Mama."

"Wato ko ido ko numfashi."

Phoebe ta dubi ƙasa. "Numfashin ya fi."

"A wurinki," in ji Ya Talatu.

Rakiya ta iso a gaban lori, ta rame, sai ciki a gaba. Kafin ta kwana biyu matan unguwa sun gaya mata komai wurin ɗibar ruwa, har da ƙari. An daina kiran uwarta gidan haihuwa, in ma an kira ta sai a ce ta yanke cibi kawai, a lallaɓa a karɓe yaron kafin ta kai shi bakin ƙofa. Rakiya ba ta ɗaga maganar ba sai rannan suna tsince shinkafa.

"Inna, ni dai ke na zo wa. Ko me suka ce."

"Na sani, Auta. Na san abin da zan yi."

Abin da ta shirya mai sauƙi ne. Za ta lura da cikin, in ya sauka haihuwa ta matso, sai ta ajiye ƙwayar, ido ya washe daidai lokacin da ake bukatarsa. In ta gama duba jikanta sai ta koma sha. 'Yan kwanaki ne, za ta daure. Ta shafa cikin da hannun da bai taɓa yi mata ƙarya ba, ta ce a ranta ya kusa, ta tura gwangwanin ƙarƙashin gado.

Idon ya washe kuwa. Ta ga farin nono, ta ga farin idon 'yarta, ta yi murna kamar yarinya. Amma haihuwa ba ta zo ba. Ko ɗoki ne ya ruɗi hannun, ko yaron ne ya yi nawa, Allah ne masani. Kwana ya bi kwana, ciki na nan daram, ita kuwa tana narkewa. Kwanciya ta gagare ta sai a zaune, leɓɓanta suka yi baƙi, magana sai ta yanka ta gida-gida. Wata rana Rakiya ta fito ta same ta rungume da turmi, ta kira ta ba ta iya amsawa ba. Ta shiga ɗaki ta laluba ta fito da gwangwanin, ta ji nauyinsa, ta gane. Ta durƙusa da ƙyar da wannan ciki nata.

"Inna, in kika mutu wa zai karɓi haihuwar? A hannun wa za ki bar ni? Don Allah, don Annabi."

Ya Talatu ta sha. Kuma da yake ita mace ce da ba ta barin bashin azumi ya kwana mata a wuya, sai ta ɗauka magani ma haka yake, abin da aka tsallake sai an rama. Ta dinga haɗa bibbiyu don ta miƙe da wuri. Ta miƙe ɗin, da tashin zuciya da jiri, rawayar kuma ta dawo da kaurin da ba ta taɓa yi ba. A cikin wannan hali naƙuda ta zo.

Hannu ba ruwansa da launi. Da hantsi ta karɓi jikanta, namiji, ya callara kuka har Kaltum ta rangaɗa guɗa daga tsakar gida. Ta yanke cibi, ta wanke shi, ta naɗe, ta miƙa wa uwarsa. Rakiya ta karɓa ta sa shi a nono, amma fuskarta na kallon bango.

"Na kasa kallonsa, Inna. In na kalla waɗancan nake gani. Ke ki duba min."

Washegari aka tashi da ruwa, irin na marka, wanda ba ya zuba da ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Lungunan Gwange suka zama taɓo, Ngadda ya cika ya batse. Ya Talatu ta ɗauki yaron ta kai shi bakin ƙofa. Ta danna hanci. Rawaya. Ta buɗe ido. Rawaya. Ta ɗaga kai, ruwan da ke zuba daga indararo rawaya ne, tafin hannunta ma haka.

"Kaltum, zo ki duba min nan. Me kika gani?"

Kaltum ta sunkuya, ta ƙura ido, ta yi iya ƙoƙarinta. "Ya Talatu, ni turare na sani. Duk jariri ja ne a wurina." Aka kira wata maƙwabciya, ta ce kyakkyawa ne, ya ɗauko hasken uwarsa. Ba wadda ta iya. Shekara da shekaru suna da Ya Talatu, me zai sa su koya? Ita ma ba ta taɓa zaunar da kowa ta nuna mata ba, tana jin daɗin a ce sai ita.

Ta roƙi Kaltum ta je ta kira Phoebe ko bayan ta tashi aiki ne. Kaltum ta tafi cikin ruwa ta dawo jiƙe sharkaf. Phoebe ta tafi Biu, an yi musu rasuwa, ba a san ranar dawowarta ba. Waɗanda ke asibitin sun ce in ana so a duba yaro a kawo shi.

"In kin ce mu tafi, mu tafi," in ji Rakiya daga kan gado. "In kin ce mu zauna, mu zauna."

Ya Talatu ta dubi ruwan. Numfashin ɗan maƙeri ya dawo mata a kunne, da muryar kakarsa a ƙofar gida. Yaron da aka binne biyu kafin a same shi, ta fitar da shi cikin wannan sanyi, a je a ce lafiyarsa ƙalau, ya dawo da ciwon ƙirji ya mutu ta dalilinta? Ta ji tsoron wannan. Ta kuma ji tsoron dariyar unguwa, duk da ba za ta yarda ta faɗa ba ko da wuƙa a wuya. Sai ta yi dabara. Ta ɗauko farin ƙyalle ta shimfiɗa kusa da fuskar yaron, ta buɗe idonsa, ta ce in launinsu ɗaya ne to daga gare ta ne, in nasa ya fi to daga gare shi ne. Ta duba, ta sake dubawa har hawaye ya taru mata. Wani lokaci ta ga kamar ya fi, wani lokaci ta ga kamar ɗaya ne. Yaron ya motsa baki yana neman nono, lafiyayye a ido, da ɗumi a hannu.

"Ba komai, Auta," ta ce. "Idona ne."

Rakiya ta fashe da kuka, na sauƙi, irin wanda aka daɗe ana riƙewa. Ranar ta cinye tuwonta tas, ta sha kunu, ta juyo ta kalli ɗanta a duhun ɗaki ta yi masa wasa. Aka aika Nguru cewa a zo suna.

Ya Talatu ba ta yarda da bakinta ba. Tun daga ranar ta koma ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe in Rakiya ta miƙo mata, ta fita ta tofar a magudana. Kullum da hantsi ta kai yaron bakin ƙofa da sunan shan iska. Amma ramuwar da ta yi ta tara maganin a jikinta, rawayar ta ƙi sakinta da wuri kamar na farko. Kumburin kuwa bai yi nawa ba, ya dawo da saurinsa. Yaron ya yawaita barci. 'Yan barka suka dinga yabo, kai wannan yaro da haƙuri yake, ko kuka ba ya yi. Duk wanda ya faɗi haka sai ta ji kamar ta mare shi, don ta san irin haƙurin da ke zuwa kafin wani abu. Ta buɗe baki ta ce a tafi, sai ta dubi sama, ta dubi fuskar Rakiya da ta fara cikowa, ta ce bari gobe, gobe zan gani da kyau.

Ana jibi suna ruwa ya ɗauke. Ta farka a zaune inda ta jingina, rana ta shigo ta ƙofa, ta ga bangon da aka shafe da farar ƙasa don suna fari ne tas. Ƙwaryar nono na gefe, fari. Zanen da aka shanya a igiya, fari. Daɗi ya kama ta har ta manta da ƙirjinta.

"Auta. Miƙo shi."

"Tun jiya yake wasa da nono, Inna. In na sa masa sai ya saki."

Ta karɓe shi, ta ja jiki zuwa bakin ƙofa, tana dafa bango. Ba ta ma danna hancin ba. Komai na tsakar gidan ya koma launinsa, sai shi kaɗai. Rawaya daga goshi har ciki, har tafin ƙafa, idon kamar gwaiduwar ƙwai. Tana riƙe da shi ya banƙare, wuya ya tafi baya, ya yi wani kuka siriri mai tsini.

Rakiya ta san wannan kukan, sau biyu ta taɓa jin sa. Ta sauko daga gado ba ta tambayi komai ba.

"Ɗauki mayafinki," in ji Ya Talatu. "Kaltum! Kaltum!"

Rakiya ta karɓi ɗanta. Ta tsaya ta dubi uwarta, kallo ɗaya, ba zagi a ciki, ba kuka, da ma zagin ta yi da ya fi sauƙi. Ta fita, Kaltum na biye da ita tana gyara lafaya. Ya Talatu ta ce su jira ta. Ta kai zaure numfashi ya ƙare, ta zame ta zauna a dakali. A nan ta yini. Idon ya dawo sarai, tana ganin komai, har ƙudan da ke kan taɓo a ƙofar gidan Madu, ba ta da ƙarfin da za ta kai bakin titi. Masu wucewa suna yi mata sannu, wata ta tambaya ko an sayi rago, ta ɗaga mata hannu kawai.

Bayan la'asar Kaltum ta dawo ita kaɗai, ƙafafunta duk laka. Ta zauna a ɗaya gefen dakalin ta cire takalmi.

"Yana da rai?"

"Da na taho dai yana da rai. Sun karɓe shi." Kaltum ta tsaya tana kankare laka da tsinke. "Likita ya ce abin ya riga ya hau kai. Ya ce da tun farko ne akwai abin da za su gwada. Yanzu ko ya tashi, ba zai tashi kamar sauran yara ba. Wataƙila ba zai ji ba, wataƙila ba zai zauna ba. Ni haka aka fassara min."

Ya Talatu ta gyaɗa kai. Ta san wannan tun da safe, ta ga irinsu a bayan iyayensu suna da shekara bakwai ana goyo.

"Auta fa? Ta ce wani abu?"

Kaltum ta tashi ta shiga cikin gida. Ta dawo da moɗa da gwangwanin, ta buɗe, ta zazzago guda ɗaya a tafin hannunta.

"Ta ce ta ga inda kike tofarwa. Ta ce in gaya miki ki sha ƙwayarki." Ta miƙo mata, ba ta yarda sun haɗa ido ba. "Ta ce babu sauran abin da za ki duba."

Ya Talatu ta karɓa. Kaltum ta riƙe mata moɗar har ta haɗiye.